Layin da Ba Ya Tafiya

Idan ana lissafin mutanen da Allah Ya yi wa baiwar sanin kasuwanci, sai a fara da Manajan masaƙar barguna ta gwamnati, sannan a zauna a huta kafin a nemi na biyu. Shekara ashirin da shida ya yi a kan kujerarsa, kuma a mafi yawan shekarun nan ba a taɓa samun bargo ɗaya da ya kwana a sito ba. Shi da bakinsa yake ba da wannan shaida, ba ya jiran a tambaye shi. Abin da yakan manta ya ƙara, saboda ayyuka sun yi masa yawa, shi ne a wancan zamani duk faɗin ƙasar babu wata masaƙar barguna sai tasa, kuma doka ta hana shigo da ko zare ɗaya daga waje.

Bargon nasa launi ɗaya ne tal, ruwan toka. Ga nauyi, ga ƙaiƙayi, wanda ya lulluɓa da shi sai ya yi niyya kafin ya juya. Amma a faɗi gaskiya, ba ya yagewa. Akwai gidajen da kaka ta rufa da shi, jika ma ya taso ya tarar da shi da ransa. Mutane kuwa rububinsa suke yi, tunda in ba shi ba sai dai mutum ya rufa da rigarsa.

Saboda haka tun kafin gari ya gama wayewa layi yake kafuwa a tagar sayarwa, ya bi jikin katangar masaƙa ya miƙe har bakin titi. Ofishin Manaja a bene yake, tagarsa tana kallon layin. Kowace safiya yakan tsaya nan da kofin shayinsa yana awo. Da falwayoyin lantarki na bakin titi yake auna nasararsa: layi ya kai falwaya uku, ranar ba laifi; ya kai biyar, sai ya sa a rubuta wa ma'aikatar masana'antu takardar albishir, ita kuma ma'aikatar ta aiko masa da lambar yabo. Bangon ofishinsa ya cika da irin waɗannan lambobi, har sai da aka sauke agogo don a sami wuri.

Layi kuwa ba ya yin tsawo da kansa, sai an kula da shi, kuma a nan hazaƙar Manaja ta fi fitowa. Ya kafa doka ba a buɗe taga sai ƙarfe sha ɗaya, a rufe sha biyu daidai, da zarar jiniyar cin abinci ta kaɗa. Ya zaunar da wani akawu a bayan tagar, ya horar da shi har ya ƙware a kalmomi biyu: dawo gobe. Ba a ba mutum bargo a zuwan farko, wannan raini ne ga bargo.

"Duk kayan da mutum ya zo yau ya samu yau," in ji Manaja a duk taron ma'aikata, "to ku bincika, akwai abin da ke damun kayan nan."

Daga nan ma'aikata suka raɗa masa suna Dawo-Gobe. A bayan idonsa suke faɗa, amma da zai ji, da sai ya sa an rubuta masa shi a ƙofa.

Ana nan sai zamani ya juya. Gwamnati ta ce ta gaji da saƙar bargo da dafa sabulu, kowa ya je ya nemi kasuwarsa. Aka buɗe iyaka, aka daina ƙayyade farashi, aka janye tallafi. Kafin shekara ta zagayo shaguna sun cika da barguna masu laushi, wasu da furanni, wasu da hoton damisa, kowanne a cikin jakarsa mai zif. Abin da ya fi ɓata wa Manaja rai shi ne labarin da ya ji cewa masu shagunan har gaishe da mai saye suke yi, su ba shi kujera. Ya ce wannan ba kasuwanci ba ne, roƙo ne.

Layi ya dawo falwaya biyu, ya dawo ɗaya. Wata safiya Manaja ya leƙa da kofin shayinsa bai ga kowa ba sai wani kare da ya kwanta a inuwar taga. Injinan saƙa kuwa ba su tsaya ba, domin babu wanda ya aiko da takardar a tsaya. Bargo ya cika sito har rufi, ya fito baranda, ya shiga ɗakin cin abinci, har ma'aikata suka koma zama a kan dilolin bargo suna cin abincin rana. A gida ma abin bai bar shi ba. Matarsa ta sayo mai furanni ta ce wai kyauta aka ba ta, shi kuma ya ce zai rufa da shi ne kawai don ya san abokin gaba. Wata takwas ya yi yana wannan bincike.

Kada a ce Manaja bai karɓi gyara ba. Ya karɓa hannu bibbiyu. Aka gayyace shi taron bita na kwana uku a wani babban otal, ya dawo da jakar hannu, da takardar shaida, da ɗan katin suna da aka maƙala masa a ƙirji, wanda bai sake cirewa ba. Washegari ya sa aka kankare "Manaja" daga ƙofarsa aka rubuta "Babban Jami'in Zartarwa". Ya tara ma'aikata a tsakar masaƙa, ya hau kan dila biyu.

"Daga yau mun shiga kasuwa," in ji shi. "Ni nan da kuke gani, tun kafin a ƙirƙiro wannan gyara nake yin sa a zuciyata. Masanan da suka koyar da mu, rabin abin da suka faɗa ni na fara tunaninsa. Sun ce mai saye shi ne sarki. Na yarda. Amma ku gaya mini, a ina kuka taɓa ganin an yi wa babban mutum abu cikin gaggawa?"

Aka tafa, domin ba a sallamar kowa sai an tafa. Gyaran ya kankama a ranar: allon tagar sayarwa da ke cewa "An rufe" aka sauya shi da sabo mai cewa "An rufe, mun gode".

Sai ga wasiƙa daga hukumar sayar da kamfanonin gwamnati. Ranar Alhamis za ta turo sufeto. Masana'antar da aka ga tana da masu sayen kayanta, za a haɗa ta da masu zuba jari, ma'aikatanta su ci gaba da aiki. Wadda aka ga babu, za a rufe, a sayar da injinanta a matsayin tsofaffin ƙarafa. Mutum ɗari biyu da arba'in ke cin abinci a masaƙar nan, ban da iyalansu. Manaja ya karanta wasiƙar sau uku, kuma kowane karo idonsa kan kujerarsa yake sauka.

A yammacin ranar Mai Sito ya hau bene. Dattijo ne, shekararsa talatin yana riƙe da makullan sito, kuma shi ne yayan matar Manaja, don haka shi kaɗai ke iya shiga ofishin ba tare da ya jira a benci ba. Ya ce shi dai a ganinsa a buɗe taga daga safe har yamma, a sauke farashi, a loda barguna a mota a bi asibitoci da makarantun kwana, a nuna musu. Ya ce kwana huɗu ba su da yawa, amma ko mai saye ɗaya na kirki aka samu, za a nuna wa sufeto.

Manaja ya dube shi da tausayi. "Yaya, ni? In ɗauki bargo in bi mutum da shi? Shekara ashirin da shida mutane suna bina. Sufeto so yake ya ga masu saye, kuma ni na san kamannin masu saye. Zai gan su har falwaya biyar."

Dabarar da ya fito da ita sai mai zurfin tunani. Ranar Alhamis za a kashe injina. Kowane ma'aikaci ya zo da kayan gida, ya taho da matarsa ko ƙaninsa ko maƙwabcinsa, a jeru a jikin katanga. Sito da baranda a kulle su, a ce wa sufeto kaya sun ƙare saboda yawan nema. Layi kuma kada ya motsa ko taku ɗaya, domin in ya motsa zai ƙare.

Ranar Laraba aka yi gwaji, sai matsala ta ɓullo: ma'aikatan ba su iya layi ba. Duk tsawon shekarun nan ta ƙofar baya suke karɓar nasu bargon, ba wanda ya taɓa tsayawa a rana. Suka jeru suna hira suna dariya. Manaja ya leƙo ta tagar bene da lasifika a hannu, ransa a ɓace.

"Wa ya gaya muku mai saye yana dariya? Ku ɓata fuska! Kai mai jar hula, ka riƙa duba agogo kana tsaki. Ku biyun can, ku yi rigima a kan wa ya riga wani. Ina son in ga wahala a fuskar kowa!"

Kafin la'asar sun gane. Ba su sha wuyar koyo ba, da ma kowa ya tuna wasiƙar hukuma sai fuskarsa ta ɓaci da kanta.

Alhamis ta yi kyau fiye da yadda aka tsara. Masu wucewa suka ga layi, suka ɗauka wani abu ake rabawa, suka shiga. Kafin ƙarfe tara layi ya taɓa falwaya ta shida, abin da ba a taɓa gani ba ko a zamanin da. Manaja ya sauko cikin kwat ɗinsa, katin suna na ƙyalli a ƙirji, ya tarbi Sufeto a bakin ƙofa. Sufeton wani siririn mutum ne mai tabarau da ɗan littafin rubutu, ba ya da yawan magana. Wannan ya yi wa Manaja daidai, shi ma ba ya son a katse shi. Ya zagaya da baƙonsa daga farkon layi zuwa ƙarshe yana nuna mutane da hannu, yana bayanin yadda ya hana kansa barci don jama'a su samu bargo. Da Sufeto ya tambayi dalilin da ya sa bai ji ƙarar injina ba, Manaja ya ce sabon tsari ne, ana hutar da su ranar Alhamis.

A can wajen falwaya ta biyar akwai wata mata da ba ta cikin tsarin kowa. 'Yar kwangila ce mai kai kaya makarantun kwana, kuma bargo dubu huɗu take nema kafin a dawo daga hutu ranar Litinin. Ta riga ta gwada masu furanni, wanki uku suka zama tsumma a hannun ɗalibai. Sai ta tuna da wani bargo ruwan toka da ke ɗakin mahaifiyarta tun tana yarinya, wanda har yau bai san tsufa ba. Nauyin da kowa ke gudu shi take so, launin da ba ya nuna datti shi take nema. Ta yi hayar babbar mota ta kwana ɗaya, ta taho. Da ta ga layi sai ta ce kayan da ake wa wannan layi lalle sun isa a jira su. Ta bi baya.

Awa biyu tana tsaye layi bai gusa ba. Ta taɓa dattijon da ke gabanta ta tambaye shi ko haka ake yi kullum, ta gaya masa abin da ya kawo ta. Dattijon nan Mai Sito ne, shi ma an sa shi a layi da tsohuwar rigarsa, makullan sito na aljihunsa. Da ya ji dubu huɗu sai da ya sa ta maimaita. Ya dubi motar da ta nuna masa a tsallaken titi, direba na gyangyaɗi a ciki. Shekara biyu rabonsa da ya buɗe ƙofar sito don a fitar da kaya. Bai san lokacin da ya fita daga layi ba, ya ce ta biyo shi.

Suka iske Manaja a gaban taga yana yi wa Sufeto bayanin lambobin yabonsa ɗaya bayan ɗaya. Matar ta gaishe su, ta faɗi buƙatarta a taƙaice, ta ce ga mota can, a yau take son kaya. Manaja ya ji daɗi ƙwarai. A ransa ya ce ko matar wane ma'aikaci ce wannan, ta fi kowa iya wasan, har da hayar mota. Sai Mai Sito ya matso kusa da kunnensa.

"Ranka ya daɗe, wannan ta gaske ce. Ba tamu ba ce. Ka ce in buɗe."

Manaja ya dubi motar, ya dubi Sufeto. A nan ne ƙaramin mutum zai rikice, ya ce a buɗe sito, a yi ta loda barguna a gaban baƙo kamar masu neman kai da kaya. Amma minti goma da suka wuce ya rantse wa Sufeto cewa ko ƙyalle babu a sito. Ban da haka, ga mutum falwaya shida suna kallo, kuma a tarihin masaƙar nan ba a taɓa ba wani kaya a zuwan farko ba. Sai ya ga ai Allah ne Ya kawo masa damar nuna wa hukuma irin ƙarfin da yake da shi. Ya gyara kwat, ya ɗaga murya yadda na falwaya ta uku zai ji.

"Baiwar Allah, dubu huɗu a wurinmu ba wani abu ba ne. Kin ga mutanen nan? Kowannensu ya riga ki zuwa. A wannan kamfani ba ma fifita babba a kan ƙarami. Ki dawo gobe."

Matar ta ce motar ta yau ce kaɗai, gobe kuma dole ta kasance a kan hanya. Manaja ya yi murmushi, ya buɗe hannuwa, ya dubi Sufeto don ya tabbatar yana rubutawa. Yana rubutawa kuwa. Ta tsaya jim kaɗan ko za a sake magana, ba a sake ba, ta juya. Mai Sito ya bi ta taku huɗu ko biyar da makullai a hannu, sannan ya tsaya, domin shekara talatin bai taɓa buɗe sito ba sai da sa hannun na sama, kuma ƙafarsa ta ƙi koyon sabon abu a rana ɗaya. Yana tsaye motar ta tashi ta nufi kasuwa. Waɗanda ke kusa sun ga idonsa ya kawo ruwa, kuma daga nan babu wanda ya ƙara buƙatar a tuna masa ya ɓata fuska.

Manaja yana cikin bayyana wa Sufeto cewa irin waɗannan sukan zo goma a rana, sai sha biyu ta buga. An tuna an kashe injina, an tuna an kulle sito da baranda, amma ba wanda ya tuna da jiniyar cin abinci, wadda ke tashi da kanta. Ta kaɗa. Akawu ya ja tagarsa ya rufe. Masu saye ɗari biyu da arba'in, waɗanda tun asuba suke mutuwar son bargo, suka juya a tare ba tare da kowa ya ce musu komai ba, suka bi ta ƙaramar ƙofar ma'aikata, kowa ya miƙa hannu ya buga katinsa na aiki, suka nufi ɗakin cin abinci. Matansu da maƙwabtansu suka bi su. 'Yan wucewar da suka shiga layi suka ga an watse ba a raba komai ba, suka yi tsaki suka kama gabansu.

Sufeto ya bi taron a hankali, Manaja na biye da shi yana cewa ai wannan ma sabon tsari ne, ana ciyar da masu saye. A ɗakin cin abinci Sufeto ya tarar da jama'a zaune a kan dilolin bargo, wasu dilolin kuma an jera su har sun toshe tagogi. Ya ɗaga kai ya bi su da kallo har rufi. Ya cire wani ɗan burbushin auduga daga kafaɗar mai sayen da ke kusa da shi, ya duba, ya yar. Sannan ya juya wajen Mai Sito, wanda ke tsaye a bakin ƙofa bai ɗauki kwano ba.

"Baba, cikin mutanen da na gani yau, nawa ne suka zo sayen bargo?"

"Mutum ɗaya, yallaɓai."

"Tana ina?"

"An ce ta dawo gobe."

Washegari, a karo na farko a tarihi, aka buɗe taga ƙarfe bakwai na safe. Manaja da kansa ya tsaya a bene yana leƙen titi, shayinsa ya huce a hannu. Ya gaya wa duk wanda ya shigo cewa za ta dawo, ai kullum suna dawowa. Karen nan ne kawai ya zo.

Bayan mako uku takardar rufewa ta iso. Hukuma ta ce kowane ma'aikaci, daga babba har ƙarami, ya zo ya karɓi takardar sallamarsa a tagar sayarwa, ta kuma bar akawun nan a wurinsa tunda shi ya san sunayen mutane. Manaja ya iso da hantsi, da kwat ɗinsa da katin sunansa. Yana shan kwana ya hango layi, ya tsaya ya ƙirga: falwaya bakwai. Ba hira, ba dariya, kowace fuska a ɓace yadda ya kamata. Sai da ƙirjinsa ya ɗan taso kafin ya tuna abin da ake rabawa.

Ya nufi taga kai tsaye, wani mai gadi da hukuma ta kawo, wanda bai san shi ba, ya tare shi ya nuna masa ƙarshen layi. Manaja ya nuna katin ƙirjinsa. Mai gadi ya karanta shi tsaf, ya sake nuna masa baya. Haka Babban Jami'in Zartarwa ya taka falwaya bakwai a gaban mutanensa, ya tsaya a bayan Mai Sito, wanda ya amsa gaisuwarsa ba tare da ya waiwayo ba.

Wannan layin yana tafiya, amma a hankali. Rana ta daki ƙeyar Manaja, gumi ya jiƙa kwat, ƙafafunsa suka fara sanar da shi abin da bai taɓa tambaya ba a shekara ashirin da shida. Ya duba agogo ya yi tsaki, ba tare da kowa ya koya masa ba. Mai Sito ya karɓi takardarsa, ya ajiye makullai a kan taga, ya wuce. Manaja ya matso, ya gyara murya, ya buɗe baki zai faɗi cikakken muƙaminsa, sai jiniya ta kaɗa.

Akawu ya ɗago ya ga ko wane ne, ya miƙe tsaye saboda girmamawa, hannunsa kuwa ya riga ya kama marfin taga.

"Ranka ya daɗe," in ji shi, "dawo gobe."

Manaja ya dubi agogonsa. Sha biyu daidai, ko minti ɗaya ba a ƙara ba. Ko ba komai, horon da ya bayar bai tafi a banza ba.